Baba Mai Fito da Batirin da Ya Liƙe a Rumbu

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Baba ya riga mu. Ya rasu ana gab da faɗuwar damina, hadari na haɗuwa yana watsewa, gulbi bai kawo ruwa ba tukuna. Jirginsa na nan kife a gindin tsamiya inda ya bar shi.

Ni ɗiyarsa ce ta biyu, mai suyar ƙosai a mashigi. Na taɓa lakol kaɗan, wato makarantar boko, shi ya sa na iya riƙe alƙalami. Abin da ya sa na ɗauke shi kuwa, abin da kunnuwana suka ji ne a zaman makoki. Kowa ya shigo sai ya ce Baba mutum ne mai sanyin hali, mai yarda da jama'a, bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Haba jama'a! Wa kuke nufi? Ni dai ba ubana ba. Idan aka ci gaba da irin wannan yabo, kafin baɗi an shafe mutumin an sa wani a gurbinsa. Baba bai yarda da kowa ba. Ko gaisuwa ka yi masa ta cika tsawo, sai ya fara duban hannunka ya ga abin da ka zo nema.

Kuma masu yabon nan ba su yaudare ni ba. Ina zaune kusa da Inna ina jin matan da ke bayanmu. Da sun shafa fatiha sai su karkata kai wajen tsohon rumbun da ke bayan ɗakin Baba, su yi ƙasa da murya. Wata ta ce asirin ruwa ne da ya zo da shi daga Tafkin Chadi ya liƙe a ciki duk rani. Wata ta ce bindiga ce. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu har ta tashi wai za ta kama ruwa, ta bi ta wajen rumbun ta leƙa. Na gan ta da idona, ta dawo tana goge hawayen da babu su.

Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya, wani makiyayi da ya taso tun daga wajen Sae Sabuwa da ƙafa. Ya tsaya a ƙofar zaure ya ba maza labari, muna ji daga ciki. Ya ce wata damina gulbi ya cika har ya haye gonaki, ɗansa ba lafiya, likita kuma, wato asibiti, tana ƙetare. Kowa ya ce ba a shiga ruwan nan yau. Ya zo wurin Baba. Baba ya ce masa ƙarya yake, shanu yake so ya bi. Ya sa aka kwance yaron daga bayan uwarsa, ya ɗaga fatar idonsa, ya taɓa wuyansa. Sannan ya tura jirgi.

"Ya ce mini maƙaryaci, kuma ya ƙetare da mu," in ji makiyayin. "Yaron ga shi can yana kiwo."

A nan ne na yi kukana na farko na gaske, don wannan ne Baban da na sani.

Amma duk wanda ke gidan, ido ɗaya yana kan Yaya. Shi ne babbanmu. Ya fi shekara rabonsa da gida, tun ranar da suka ɓata da Baba ya kwashi iyalinsa ya koma Gazawa yana kabu-kabu da babur. Ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Ya zauna a can ƙarshen tabarma. Idan aka ce a yi wa mamaci addu'a yana ɗaga hannu kamar kowa, amma leɓɓansa ba sa motsi. Baffa, ƙanin Baba, shi ya lura, ya aiko aka gaya mini. Ɗa a makokin ubansa bai ce amin ba. Kuma ya riga ya gaya wa Baffa cewa da an yi sadakar uku zai koma, ba zai sake taka garin ba. Wannan ya fi mutuwar kanta tsaya mini a rai.

Duk abin nan a kan batir ne. Wanda bai san gidanmu ba zai yi dariya, to bari in faɗa yadda yake.

Tun muna yara Baba ke tafiya Tafkin Chadi, har ya zauna can shekaru yana tuƙa jirgin wani mai fataucin kifi. Can ruwa ba ya yankewa, inji ba ya hutawa rani da damina. Da zaman wurin ya lalace ya dawo gida da inji guda naɗe cikin bargo, ya sa kafinta ya haɗa masa jirgi, ya kama fito. Gulbinmu, wanda ya biyo ta Tsibiri ya nufi Gidan Rumji, ba irin wancan ruwan ba ne. Da damina yakan cika ya raba ƙauyenmu da kasuwa da likita. Da kaka ta wuce ya koma rairayi, amalanken jaki na bi ta cikinsa. Wata kaɗan ake aiki, sauran shekara jirgi na kife.

Da injin ya dawo, da rashin yarda ya dawo. Ya ce a can ya ga an wanke mataccen batir, an shafa masa mai, an saka shi a kwali an ba mutum a matsayin sabo, mutumin ya shiga ruwa bai dawo da ƙafarsa ba. Tun daga nan kowa a wurinsa mai shafa mai ne har sai ya gwada shi. Goro ma sai ya fasa ya duba cikinsa kafin ya karɓa.

Batura biyu ne a jirginsa, kowane da akwatinsa na katako, a ɗaure da roba, a ɗage daga ƙasa don kada ruwa ya taɓa su. Ɗaya yana kiransa na tashi, ɗaya na haƙuri. Na tashi aikinsa guda ne, tayar da inji. Na haƙuri shi ke riƙe da fitila, da famfon da ke kwashe ruwan da ya shigo jirgi, da rediyo, da sharjin salular fasinja. Yakan ce na tashi kamar ƙaton da ka kira ya ɗora maka buhu ne, ya ɗaga sau ɗaya ya je ya zauna. Na haƙuri kuwa kamar mai daka, a hankali a hankali har yamma. Idan ka sa ƙaton nan daka ka kashe shi, idan ka riƙa sa mai daka ɗaukar buhu ka karya ta. Wannan maganar na ji ta har na gaji da ita.

Akwatin na tashi yana da kwaɗo, makullin na wuyan Baba. Wata rana wani jandarma cikin kakinsa ya shiga jirgi, ya tarar wuraren sharji sun cika, ya nuna akwatin ya ce a ɗan jona masa a nan, ai ba abin da zai rage. Baba ya dube shi daga hula har takalmi.

"Ranka ya daɗe, in inji ya mutu a tsakiyar ruwa, salularka ce za ta tashe shi?"

Jandarman ya yi dariya ya mayar da abarsa aljihu. Baba bai yi dariya ba, kuma har suka sauka bai ɗauke ido daga hannun mutumin ba.

Yaya tun tasowarsa yake cikin jirgin nan. Shi ke tura shi, shi ke jan igiyar inji idan ta kama, don kafaɗar Baba ta daɗe da gajiya. Da rani kuma yakan je Gidan Rumji ya yi aiki a shagon masu haɗa pano, farantin nan da ke ɗaukar wutar rana. A can ya ji cewa batir idan aka ajiye shi ba a ba shi wuta, yana tsiyayewa da kansa, balle a zafin bazara, har ya kai inda ba ya farfaɗowa. Ya zo ya gaya wa Baba. Baba ya ce zancen ƴan kasuwa ne, so suke ka yi ta wahalar da abinka ya mutu ka dawo wurinsu. Abin da aka rufe ba wanda ya taɓa, ta ina zai zube? Shi dai duk zamansa a tafki bai taɓa ganin batir ya mutu don an bar shi ya huta ba. Gaskiyarsa ce ta wani gefe, don a tafki ba a taɓa barin batir ya huta ba.

Da Yaya ya ga magana ba ta shiga, sai ya koma yi a ɓoye. Idan Baba ya tafi kasuwa ko ta'aziyya wani ƙauye, sai ya ɗauko na tashi daga ƙarƙashin gadon Baba, ya jona shi da panon gidanmu, kafin la'asar ya mayar. Shekara da shekaru haka. Duk damina inji na tashi da murɗawa ɗaya, Baba na cewa kun gani, abin da aka adana ba ya cin amana.

Sai dai wa zai ɓoye wa Baba abu har abada? Ya fara ganin ƙarzar sufana a kawunan batirin. Ya ɗora tsinke a kan murfin, ya dawo ya tarar tsinken ya juya. Ya barbaɗa toka a gaban gado. Ranar da abin ya fashe, ya ce zai tafi Tsibiri, ya fita da buta da sanda, ya je ya zauna a bayan masallaci har rana ta take, sannan ya dawo. Ya tarar da na tashi a zaure, wayoyi a jikinsa. Abokan Yaya na zaune, salulolinsu a jere a kan tabarma. Su a jikin na haƙuri suka jona, amma wayoyin sun cakuɗe, kuma Baba bai tsaya warwarewa ba.

Ina tsakar gida na ji muryarsa. Yaya na ta rantsuwa cewa wuta yake ba shi, ba sha yake ba. Baba ya ce duk shekarun nan yana tsaron ɓarayin waje, ashe ɓarawon a cikin gidansa yake kwana. A gaban abokansa ya faɗa, matar Yaya na tsaye a bakin ƙofa da ƙwarya a hannu. Yaya ya miƙe. Ya cire wayoyin, ya ɗauki batirin ya ajiye a gaban Baba. Kafin mako ya zagayo ya bar garin.

Ni kaina a lokacin ban san wa zan gaskata ba. Na san Yaya ba ɓarawo ba ne, na kuma san samarin nan da son kallon ƙwallo. Inna ta yi kuka a ɓoye. Baba kuwa ya sayo sabon kwaɗo, ya kulle batirin a ɗakinsa har rani ya ƙare.

Damina ta faɗi, gulbi ya kawo. Ranar kasuwa ce da safe, jirgi cike da mata da awaki da buhunan wake, ina ciki da tukunyar ƙulluna. Tun a bakin ruwa na ji injin ya tashi da nishi, ba yadda ya saba ba. Na ga Baba ya ji shi ma, ya ɗaure fuska. Muna tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, wata tsohuwar komar masunta ta naɗe farfela, inji ya mutu. Baba ya sunkuya ya yanke ta da wuƙa. Ya murɗa makulli. Ƙas. Ya sake. Ƙas. Ya kama igiya ya ja, kafaɗa ta ƙi, ya kusa faɗawa ruwa. Mai jan igiyar yana Gazawa.

Ruwa ya juya jirgin ya fara tafiya da mu. Mata suka ɗauki salati. Wata akuya ta tsinke ta faɗa, ba a ƙara ganinta ba. Wallahi na sallama, na fara tunanin wa zai riƙe mini ƴaƴa. Na ga Baba ya tsaya yana kallon akwatin na haƙuri, wanda ya yi rani yana aiki a gida da pano, yana haska wa Inna ɗaki. Abin da ya rantse ba zai taɓa yi ba shi ya yi. Ya kwance wayoyin inji ya ɗaura a kan na haƙurin. Ya murɗa. Injin ya yi tari ya kama. A cikin gonar dawar wani muka sauka, can nesa da mashigi, ba a rasa rai ba.

Kuna tsammani wannan ya sa ya ce a kira Yaya? Ina! Cewa ya yi yaron ya riga ya shanye ƙarfin batirin tun kafin ya tafi. Da aka ce masa ai yaron ya daɗe da tafiya, sai ya ce to wani yana da makulli. Ya juya kwaɗon nan gaba da baya. Ya tambayi Inna wa ke shiga ɗakinsa idan ya fita. Ni ma ya tambaye ni da me nake haska rumfar suyata. Na ji haushi ƙwarai, na ce masa da fitilar ƙwai, in yana so ya zo ya shinshina. Jama'a kuma suka fara tsoron jirgin, wasu suka gwammace su yi zagaye mai nisa ta gada. Wannan ya ci shi fiye da yadda ya nuna.

Ni ya ɗauka muka tafi Maraɗi sayen sabo, don in karanta masa rubutu. Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Wanda mai shago ya fara miƙo masa ko taɓa shi bai yi ba, wai wanda aka fi so a rabu da shi ne ake fara miƙowa. Waɗanda aka jera a waje rana na dukansu ya ce a bar su. Ya sa aka shiga can ciki aka ɗauko. Ya ɗaga ya ji nauyi, don wanda aka rage wa dalma ba ya ɓoye kansa a hannu. Ya duba kawunan ko sufana ta taɓa cizonsu. Ya bi bakin murfin da farce ko an taɓa buɗewa an mayar da gam. Ya shinshina. Ya sa na karanta masa lokacin da aka ƙera shi, sannan na nemo lambar da ke nuna ƙarfin bugun farko, ya gwada ta da ta jikin tsohon da muka ɗauko, ya ce kada ta gaza ko kaɗan.

Mai shagon ya nuna masa wani ƙato na sola, ya ce wannan ya fi girma, ya fi daɗewa. Baba ya ce na haƙuri ne, yana da irinsa, ba daka ya zo nema ba. Ya nuna masa wani wai mai aiki biyu, ya tayar da inji ya kuma riƙe fitila. Baba ya ce ranar da ya mutu an rasa biyu ke nan. Ya nuna masa wanda aka rufe ruf, ba ya zubar da ruwa ko jirgi ya karkata. Na ga wannan ya burge shi, ya daɗe yana juya shi. Ƙarshe ya ture, wai abin da ba zai iya leƙa cikinsa ba ba zai ɗora masa rayukan mutane ba. Ya zaɓi mai marafai. Mai shagon ya kawo na'urarsa ya gwada, allura ta haura. Baba ya ce na'urarka ce, ai ba za ta ƙaryata ka ba. Sai da aka ɗauki batirin aka tsallaka titi wurin wani makaniki, aka ɗaura wa wata tsohuwar mota, ta tashi da bugu ɗaya, sannan ya yarda.

Muna fita mai shagon ya biyo mu, bawan Allah, da kyakkyawar niyya. Ya ce idan ruwa ya janye kada a ajiye shi haka nan, a riƙa ba shi wuta lokaci lokaci. Sai da muka shiga taksi, batirin na kan cinyarsa, Baba ya juyo gare ni.

"Kin ji ko? Bakinsu ɗaya da yayanki."

Sabon ya yi aiki lafiya har ruwa ya janye. Sai Baba ya ce bana zai raba gardama. Tunda kwaɗo ana iya yi masa makulli, zai yi abin da ba shi da makulli. Ya share tsohon rumbun laka da ba a zuba komai a ciki, ya shimfiɗa katako, ya ɗora na tashi a kai. Ya kwaɓa laka da kansa ya liƙe bakin rumbun, ya danna tafin hannunsa a jikin ɗanyar lakar. Kullum da safe bayan ya dawo masallaci sai ya je ya duba tafin nan. Abin da matan makoki ke raɗa a kai ke nan. Ba asiri, ba bindiga.

Da hadari ya fara haɗuwa bana, ya kira ni ni kaɗai, don ƙarfinsa ya ragu ba ya iya ɗauka. Ya nuna mini tafin, ya ce in duba da kyau in shaida ko ya tsage. Bai tsage ba. Ya fasa lakar da gatari. Batirin na nan yadda aka ajiye shi, sai yanar gizo. Muka ɗora a amalanke muka kai gindin tsamiya inda injin yake a kafe. Ya ɗaura wayoyi, ya yi bismillah, ya murɗa. Ƙas. Ya kwance ya kankare kawunan da wuƙa, ya mayar, ya murɗa. Ko ƙas ɗin ma wannan karon da ƙyar. Ya ce in kawo na haƙuri daga gida. Na kawo, ya ɗaura, inji ya tashi. Ya kashe shi.

Ya zauna a kan jirgin da ke kife. Ya dube ni. Ya juya ya dubi wajen gida. Ya ɗaga batirin ya leƙa ƙarƙashinsa ko ɓera ya yi wani abu. Na ga mutumin nan yana neman wanda zai zarga, ya duba ko'ina ya rasa. Tausayinsa ya kama ni har na juya baya, don na san ba zai so in ga fuskarsa ba.

Zazzaɓi ya kwantar da shi bayan haka ba da daɗewa ba. Ya ƙi maganin likita sai da na karanta masa kwalin. Ana jibi zai rasu na kai masa kunu, Inna ta fita, sai ya riƙe bakin zanena ya ba ni saƙo zuwa ga Yaya. Na ce Baba bari in kira shi a salula ka gaya masa da bakinka. Ya ce in yi abin da aka sa ni. Na kira, Yaya ba ya ɗaukar lambar gida. Na aika direban taksi ya gaya masa Baba na kwance. Ya ɗauka dabara ce, don Gwaggo, yayar Baba, ta taɓa yi masa irin wannan ƙaryar don ta jawo shi gida. Ɗan Baba ne, ai ba zai yarda da sauƙi ba. Sai da aka ce masa an rasu ya hau babur.

A kwanakin makoki kowa ya gwada gyara. Gwaggo ta ja shi ɗaki ta ce ya kwantar da ransa, ubansa ya yafe masa kafin ya cika. Baffa ya ce masa Baba ya yi ta kuka yana kiran sunansa. Ba ɗayansu da ke wurin. Na ga duk wanda ya yi masa irin wannan magana fuskarsa ƙara rufewa take. Ni kuwa mata sun kewaye ni, shi maza sun kewaye shi, ban samu ganinsa shi kaɗai ba.

Washegarin sadakar uku da safe aka ce mini ga shi can yana ɗaure jaka a babur. Na yar da tsintsiya na fita. Ya gan ni bai daina ɗaurin ba.

"Ke ma an aiko ki?"

Na ce an aiko ni, amma ba waɗanda yake tsammani ba.

"Gwaggo ta ce ya yafe mini, ban san abin da na yi ba. Baffa ya ce ya kira sunana. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ke me za ki ƙara?"

Gaskiya ya faɗa. Ɗan fari ne, kuma irin su Baba ba sa kama sunan ɗan fari, kunya ce da suka gada. A nan zuciyata ta so in ɗan zuba wa maganar zuma, don yadda Baba ya faɗe ta ba daɗi a kunne. Na haɗiye. Na ce masa bai yi kuka ba, bai kira sunansa ba, bai ce ya yafe ba, bai kuma ce a yafe masa ba. Na ba shi labarin rumbu, da tafin hannu, da abin da ya faru a gindin tsamiya. Sannan na faɗi saƙon yadda aka ba ni shi.

"Ki gaya wa wancan na Gazawa, batirin ya mutu a hannuna. Ba wanda ya taɓa shi."

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya dube ni ya daɗe, yana neman inda na ƙara ko na rage.

"Wancan na Gazawa ya ce?"

"Haka ya ce."

"Ba abin da ya ƙara?"

"Ya ce kunun ya yi sanyi."

Yaya ya saki igiyar, jakar ta zame ta faɗi. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar gida, ƙato da shi, mai ƴaƴa, ya rufe fuska da hula.

"Wannan kam bakinsa ne," ya ce.

Ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Ban ba shi haƙuri ba, na tsaya a kansa na tare shi daga idon masu wucewa. Ban sani ba ko zai tayar da jirgin bana, ban kuma tambaye shi ba. Da ya natsu ya ɗaga hannu biyu, ba liman, ba tabarma, daga shi sai ni, ya ce Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya sa ya ƙetare lafiya.

Na ce amin. Inna na bayan ƙyaure tana ji, ita ma ta ce amin.